Na kai Baba ruwan Tafadek

Shekara 40 da ɗoriya Baba ya yi yana tsaye cikin ruwan majema a Damagaram. Tun ina yaro nake ganinsa da sassafe, wando a naɗe har cinya, yana tattaka fatun awaki cikin kwamin toka, ya fito ya faɗa na bagaruwa, hunturu da bazara duk ɗaya ne a wurinsa. Da ƙafafun suka soma ƙi, ba wanda ya yi mamaki a unguwa, kowa cewa yake sanyi ne ya kama shi. Gwiwoyi suka kumbura. Ya koma salla a zaune, daga baya tsuguno ma ya gagara, sai da muka sa kafinta ya yi masa kujera mai rami saboda bayan gida. Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya nuna mini inda guringuntsin gwiwa ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Ya rubuta ƙwayoyin rage ciwo. Baba ya sha na wata biyu, ya ce suna ƙona masa ciki, ya tura su ƙarƙashin katifa.

Maganar Tafadek daga bakin wani Ba'abzine ta fito, tsohon abokin cinikinsa da ke sayen jar fata a hannunsa tun ina goye. Ya zo dubiya, ya latsa gwiwar da yatsa, ya ce, "A kai shi ruwan zafi." Tun daga ranar Baba bai sake zancen wani magani ba.

To, wa zai kai shi? Ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In ya zama dole ya ambace ni, sai ya ce "mai sunan Malam". In yana da saƙo gare ni, Inna zai gaya wa, ita ma da yake ɗan farinta ne sai ta gaya wa ƙanena, saƙon ya zagayo ya iske ni a ɗakina, alhali katanga ɗaya ce tsakanina da Baba. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ɗauka rashin so ne. Ba haka ba ne. Da kuɗin fatun nan ya ɗauki nauyin karatuna har na zama malamin kimiyya a kwaleji, ba a taɓa koro ni gida saboda littafi ko alƙalami ba. Amma ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, kuma ban tuna ranar da hannuna ya taɓa jikinsa ba. Ƙanena shi ne na kan tabarma, mai ja masa yatsu, mai tsokanarsa har ya dara. Shi kuwa yana Tamanrasset ci-rani, shekara biyu bai leƙo gida ba. Da aka ba mu hutun ƙarshen Disamba, Inna ta tsaya a bakin ƙofata tana kallon gefe, ta ce, "A shirya, a kai shi."

Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisinat. Mun tashi bayan asuba, ba mu shiga ba sai da rana ta yi ja. Wanda ya bi hanyar nan ya san ramukanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk inda mota ta tsaya salla sai in riga shi sauka in miƙa hannu, shi kuma ya kauce, ya kama ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya sauko da kansa yana cije leɓe. Wani fasinja da bai san mu ba har ya yi mini faɗa, wai wane irin ɗa ne zai tsaya yana kallon tsoho haka. Ban tanka masa ba.

A Agadas gidan wani ɗan unguwarmu mai ɗinki muka sauka. Baba ya ce ba zai wuce ba sai ya yi salla a babban masallaci, mai doguwar hasumiyar laka da itatuwa suka tsiro mata ta kowane gefe, tsayinta mita 27. An gina shi a 1515, aka sake ginin a 1844, yana nan dab da fadar Sarkin Abzin. Ya yi azahar a zaune a sahun baya, ya daɗe hannuwa a sama. Da yake Hausa ake yi a kasuwa da tasha, neman mota bai ba ni wuya ba. Na sami wata kat-kat da ta kawo albasa daga lambunan dutse, za ta koma da buhuna wofi da sukari da ganyen shayi. Direban ya ba Baba gaba, ni na hau baya da wasu mutum shida.

Tafadek na arewa da Agadas, kimanin kilomita 80, a yankin Cirozerin, inda ake haƙo gawayin dutse a Anu Araren a ƙona shi a ba Agadas da ma'adinan Arlit wutar lantarki. Muka bi kwaltar Arlit, can muka sake ta muka yi hannun dama, muka faɗa cikin duwatsu. Ɗan Damagaram ba ya baƙunta da dutse, cikin manyan duwatsu muka yi wasan ɓuya muna yara. Amma na Abzin daban ne. Baƙaƙe ne kamar an babbaka su, wasu a tsaye, wasu a tarwatse kamar an zubar da buhun gawayi daga sama, ba ciyawa ko ɗaya a jikinsu. Sai a tsakaninsu ka ga kori, busasshen rafi mai farin rairayi, goruba da farar ƙaya da bagaruwa sun jeru a bakinsa, wani wurin da ɗan lambu kore shar, albasa da tafarnuwa da alkama. Can gabas, inda ido ba ya kaiwa, dutsen Bagazam yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi shi tudu a Nijar duka. Iskar hunturu na dukan fuska a bayan mota har hawaye na zuba, na naɗe kaina da mayafi sai ido. Da muka tsaya motar ta huce, direba ya ce mini tun da muka shigo kori tsohon nan bai yi maganar komai ba sai bagaruwa, wai 'ya'yanta ƙanana ne amma da gani za ta yi ƙarfin jima.

Wurin kansa ba shi da wani kwarjini. 'Yan ɗakuna, rumfunan zana da tabarmi, tukwane a kan murhu, awaki na yawo. Mutanen da ke zaune a inuwa su ke gaya maka inda ka zo. Wannan da sanda, wancan an jingina shi da buhu, wata an ɗaure mata ƙugu da zane, wani jikinsa duk ƙuraje. Na ji Hausar Tawa, na ji ta Maraɗi, na ji ta Sakkwato, ga Abzinawa da Fulani. Kowa da guzurinsa, don ba wanka ɗaya ake yi a juya ba, kwanaki ake yi. Muka sami rumfa, na shimfiɗa wa Baba tabarma da bargo, na ce zan je in ga ruwan.

Na taɓa zuwa Yankari a jihar Bauchi tare da abokan aiki, na shiga ruwan Wikki. Digiri 31 ne, ɗumi mai daɗi, yara na iyo a ciki har su manta da abinci. Da wannan tunanin na tsuguna na tsoma hannu a na Tafadek. Ban san lokacin da na fizge shi ba. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, wannan kuwa ya zarce shi nesa, irin ruwan da mace ke saukewa daga murhu ta ce a bari a sirka tukuna. Ga shi garai-garai, ba ya tafasa, ba ya ƙara, yana fitowa daga ƙasa a hankali, dare da rana, a wurin da ruwan sama na shekara guda bai cika kaiwa milimita 200 ba. Na dubi bayan hannuna ya yi ja. Na ce a raina, cikin wannan zan sa tsohon da ko tsayuwa ba ya iya yi?

Wani dattijo Ba'abzine da ke rumfar kusa da tamu shi ya karɓe mu. Dogo, siriri, rawani baƙi, amawali ya rufe masa baki da hanci. Ya ce wannan zuwansa na huɗu ke nan, bayansa ke damunsa tun da ya bar bin ayari. Shi ya karanta mini ƙa'idar wurin kamar mai ba da haddar allo. Kada a shiga da yunwa, kada a shiga da ƙoshi. A sha ruwan sanyi kafin a shiga, a ajiye wani a buta don zubawa a ka. Ƙafa tukuna, sai gwiwa, sai ƙugu. In an zauna kada a motsa. In an ji bugun zuciya a kunne, a fita. Kada a miƙe zumbur. In an fito a lulluɓa da bargo a kwanta har gumi ya tsaya. Safe da yamma, ban da tsakar rana.

Da asuba sanyi ya kai inda ruwan buta ke sa yatsu su ƙage. Tururi na tashi daga wurin wankan fari fat cikin duhu-duhu. A killace yake, maza da lokacinsu, mata da nasu. Muka shiga mu uku, ni da Baba da dattijon, muka iske wasu mutum biyu a ciki sun jingina kai da bango, ido a rufe. Baba ya ajiye sanda. Ya cire hula, ya cire babbar riga, ya cire 'yar ciki, ya rage daga shi sai gajeren wando. Shekarata 38 ban taɓa ganin bayan Baba ba. Na san shi ƙaƙƙarfa, mai ɗaukar damin fatu jiƙaƙƙu a kafaɗa ɗaya. Abin da na gani ranar nan ƙasusuwan kafaɗa ne a fili, fata ta saki, ƙwaurinsa daga gwiwa zuwa ƙasa ya rine ya yi baƙi-baƙi saboda shekarun bagaruwa, kamar ya sa safa. Na sunkuyar da kai.

Ya matsa bakin ruwan ya tsaya. Sauka ake yi, gwiwa kuwa ba ta lanƙwasuwa, dutsen ga santsi. Ya kai ƙafa, ya mayar. Ni ina tsaye taku biyu daga gare shi, hannuwana sun yi mini nauyi. Shi ba zai ce in kama shi ba, ni kuma ban san ta inda ake soma taɓa mahaifi ba. Mun kai wani lokaci a haka.

Dattijon ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce da ni a hankali, "Ɗan fari ne kai?"

Na ce, "E, Baba."

Ya gyara amawalinsa ya ƙara ja sama. Ya ce su ma suna da irin wannan kunyar, takarakit suke ce mata, ita ke sa namiji ya rufe baki gaban surukinsa. Sannan ya ce, "Zagaya ta bayansa. Sa hannuwanka ƙarƙashin hammatarsa, ka haɗe su a ƙirji. Kai za ka fara jin ruwan, shi yana bisa ƙafafunka. Ba sai kun haɗa ido ba."

Haka na yi. Na rungumo Baba ta baya, ƙirjina a bayansa, muka juya, na soma sauka da baya-baya ina janye da shi. Da ruwan ya kama idon sawuna sai na ji kamar an ɗaura mini zoben wuta. Ya hau ƙwauri, ya hau cinya. Jiki duka cewa yake ka fita, amma mutum na hannuna, ba halin ko tsalle. Da ƙafafun Baba suka shiga na ji duk jikinsa ya ɗaure, ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah," ya damƙe hannuna da ƙarfin nan nasa na majemi da na ɗauka ya tafi. Muka zauna a hankali har ruwa ya kawo mana ƙirji. Abin da ya fi ba ni tsoro rashin nauyinsa ne. Cikin ruwa kamar yaro nake riƙe da shi.

Gaskiyar dattijon ce game da motsi. In ka natsu, ɗan ruwan da ke manne da fatarka yana ba jiki zafinsa ya ɗan huce, sai ya zama kamar riga tsakaninka da sauran. Da ka motsa, ko wani ya motsa kusa da kai, rigar ta yage, sabon zafi ya dafe ka. Saboda haka kowa shiru yake, ba mai ko ɗaga hannu. Ina jin numfashin Baba yana sauka, yana daɗa tsawo. Damƙar da ya yi mini ta soma sassautawa. Can ya saki kansa ya jingina da kafaɗata, ya ce, "Alhamdu lillahi," ba da kowa yake ba. Dattijon ya miƙo buta, na zuba masa ruwan sanyi a ka da hannu ɗaya. Ba mu fi minti biyar ba na ji zuciyata na buga mini ganga a kunne, muka fito kamar yadda muka shiga. Na naɗe shi da bargo biyu, na goya shi zuwa rumfa, bai ce a'a ba. Gumi ya yi ta tsiyaya, ya sha ruwa kofi uku, ya yi barcin da Inna ta ce rabonsa da irinsa tun damina.

Ruwan nan ba abin wasa ba ne, kuma ina so wanda zai je ya ji wannan da kyau. A rana ta biyu wani saurayi yaron mota ya shiga da gardama, ya ce shi zai fi kowa daɗewa. Da ya miƙe sai ya sulale, kansa ya nutse, Allah ya sa akwai mutane kusa suka jawo shi. Zafi na buɗe jijiyoyin jini na fata, jini ya taru can, in ka miƙe da sauri ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Wani bawan Allah kuma daga wajen Maraɗi, mai ciwon sukari, ya tsoma ƙafafu kusa da inda ruwan ke fitowa ya daɗe, yana cewa shi bai ji komai ba. Ciwon ya riga ya kashe masa jin ƙafa. Da yamma tafin ya yi bororo, washegari 'ya'yansa suka nemi mota suka koma da shi Agadas. Har yanzu ina tuna shi, don na san yadda gyambon mai sukari ke ƙin warkewa. Ruwan da ya kai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake saɓule fata, wanda bai kai haka ba ma yana yi in an daɗe. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai sukari, mace mai ciki, su ga likita kafin su kama hanya. A kwanakin da muka yi ban ga ana auna jinin kowa ba kafin ya shiga, kuma da za a samu ma'aikacin lafiya ɗaya da abin awo a bakin wurin nan, da an tsare abubuwa da yawa.

Wata tsohuwa 'yar Tawa da ta kawo kishiyarta, wadda kullum sai ta aiko wa Baba da fura, ta ji muna zancen zafin sai ta ce, "Ɗana, mu da muka yi wankan jego tara? Kwana 40, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganye." Gaskiyarta, matan sun fi mu jimiri a wurin nan, ba ka jin ƙararsu. Amma maganarta ta tuna mini cewa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wannan zafin da kuma kunun kanwa. Na gaya mata. Ta yi shiru, ta ce ƙanwarta da kumburi ta rasu, kwana 20 bayan haihuwa.

Dare a Abzin sai wanda ya gani. Sanyi na saukowa daga duwatsu kamar ana zuba shi, taurari sun yi ƙasa-ƙasa har ka ga kamar goruba za ta taɓa su. Dattijon ya tona rami cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya binne ƙullin alkama, ya tono tagalla, ya kakkaɓe, muka ci da cuku. Sai shayi, zagaye uku. A nan ne suka gano ashe sun san mutane ɗaya. Shi yana cikin masu ratsa hamadar Tenere da raƙuma zuwa Fashi da Bilma su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro Damagaram har Kano su sayi gero. Unguwar Zango ta garinmu dama masaukin ayarin Abzinawa ce tun asali, kuma can Baba ke kai jar fata yana saurayi. Suka yi ta lissafa fatake da dillalai, wane ya rasu, wane ya makance. Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya ba da labarin mahaifinsa, wanda nake ɗauke da sunansa, yadda ya koya masa gane fatar da ta jimu da taɓawa kawai, da yadda ya rasu Baba na da shekara 19 ya bar masa ƙanne biyar. Fuskarsa na wajen dattijon, ni ina bayansu ina hura gawayi. Amma dattijon bai tambaye shi ko ɗaya daga cikin wannan ba.

A dare na uku Baba ya ce da dattijon, "Ni abin da ke ɗaure mini kai, wa ke hura wutar a ƙasa?"

Dattijon ya ce ikon Allah ne. Baba ya ce haka ne. Sai ya ƙara da cewa, "Mai sunan Malam malamin makaranta ne, irin abin da yake koya wa yara ke nan."

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗi sana'ata da bakinsa. Na yi gyaran murya, na yi bayanin ina kallon dattijon. Na ce ƙasa tana da zafi a cikinta, duk kilomita ɗaya da ka nutsa zafin na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ɗan ruwan saman da ke sauka kan duwatsun nan ba duka ke bin kori ya tafi ba, wani yana tsiyaya ta tsagogin dutse, ya yi ta gangarawa shekara da shekaru har ya kai inda dutse ke da zafi. Can yake ɗaukar zafin, ya narkar da gishirin duwatsu, in ya sami babbar tsaga sai ya hauro da sauri kafin ya huce. Na ce Abzin ƙasa ce mai tsagogi da yawa, akwai ma tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka mutu tuntuni. Baba na jujjuya kofin shayi a hannu. Ya ce, "Ashe shi ma jiƙa shi ake yi ya daɗe, kamar fata." Dattijon ya ce ashe.

Wanka goma muka yi cikin kwana biyar, kowanne ina bayansa. A na uku ya daina ɗaurewa in na sa hannu. A na shida ya soma lanƙwasa gwiwa cikin ruwa da kansa, yana miƙewa yana naɗewa a hankali. Rana ta huɗu da la'asar na dawo daga ɗibar ruwan sha na hango shi tsaye yana salla, ya yi ruku'u, hannuwa bisa gwiwa. Sujada ba ta samu ba, sai da ya zauna. Na tsaya bayan rumfa da jarka a hannu har ya sallame, don kada ya san na gani.

Ba zan ce wa kowa ruwan Tafadek na warkar da ciwon gwiwa ba. Guringuntsin da ya cinye ba ya tsirowa don an dafa shi. Abin da zafi ke yi shi ne ya saki naman da ya ɗaure kewaye da gaɓa, ya ƙara gudun jini, ya dusashe jin ciwo, ruwa kuma ya ɗauke wa gwiwa nauyin jiki har ta samu ta motsa. Ga hutu, ga barci, ga abokan hira masu irin ciwonka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara uku bai yi ruku'u ba, amma yana da iyaka. Na Baba ya kai mako shida. Yana zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa, har ya leƙa majema sau biyu ya yi wa yara faɗa kan yadda suke barin fata ta wuce lokaci a toka. Da zafin bazara ya shigo ciwon ya dawo, ko da yake bai kai na da ba, kuma yanzu ya yarda yana shan maganin likita bayan ya ci abinci.

Ranar da za mu taso dattijon ya rako mu har mota. Suka riƙe hannun juna da Baba suka daɗe, irin gaisuwar Abzinawa da ake shafa tafi a janye a sake shafawa. Ya ba Baba ƙullin cuku, Baba ya ciro ɗan zaben jar fata da ya jima da hannunsa, wanda yake ajiye carbi a ciki, ya ba shi. Ni kuma na cika jarka mai lita 20 da ruwan saboda Inna, ita ma tana fama da ƙugu. Kafin mu kai kwalta ya huce. A gida ta ɗora shi a murhu ta yi wanka da shi kwana uku, Baba ya tsoma yatsa ya ce ba shi ba ne.

Da muka sauka a tashar Damagaram na miƙa hannu a gindin matakala, ya kauce ya kama ƙarfen ƙofa kamar da. Saƙonsa ya koma bi ta wurin Inna. Sai dai wani dare bayan isha'i, ina wucewa ta zaure, na iske shi zaune shi kaɗai da kwalbar man kaɗanya a gefen tabarma. Bai dube ni ba. Ya miƙe ƙafar dama, ya ja wando zuwa gwiwa, ya juya fuska wajen bango. Na zauna na buɗe kwalbar. Tun daga ranar kusan kullum haka muke yi, ƙafar dama tukuna sannan ta hagu, ba mai cewa komai. Makon jiya Inna ta tsaya a bakin ƙofata ta ce an ce a tambaya, hutun Disamba na bana ran nawa ga wata zai kama.